Kalmar Mako: Shin "Hiss" Tsaki Ne Ko Hucin Maciji?

A filin Kalmar Mako muna ɗauko kalmar Turanci guda ɗaya mu juya ta ciki da bai. Kalmarmu ta wannan fitowa gajera ce, harafi huɗu kacal: "hiss". Kusan kowa a makarantar nan ya taɓa faɗinta, wasunmu ma sun taɓa yin tsallen kwaɗo ko sharar aji saboda ita. Sai dai da muka bincika, mun tarar abin da muke nufi da ita a Kano daban, abin da Bature yake ji idan an faɗe ta daban.

Yadda maganar ta taso

A zaman ƙungiyarmu na ranar Laraba muna duba wani gajeren labari na Turanci da wata ƙanwarmu 'yar aji uku ta kawo don a manna a allo. Labarin wata yarinya ce da aka aika gyaran waya a kasuwar Farm Centre, mai gyara ya yi ta yi mata yawo da hankali, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. A ƙarshe marubuciyar ta rubuta: "The girl hissed and left the shop." Duk muka gane nufinta, wato yarinyar ta ja tsaki ta fice daga shagon.

Sai ɗaya daga cikinmu, wanda ba ya barin kalma ta wuce bai buɗe ƙamus ba, ya ce a dakata. Ya ɗauko ƙamus ɗin ɗakin karatu ya karanta mana. Ma'anar farko da ya samu ita ce yin sauti mai kama da dogon harafin "s", irin na maciji. Ya bi sauran ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, bai ga tsakinmu ba. Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce yarinyar ta yi kuskure, a gyara. Wasu suka ce ai haka kowa yake faɗa, har a littattafan da marubutan Najeriya suka rubuta. Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, mu je mu haɗa rabi da rabi mu kawo wa makaranta. Ga abin da muka samo.

Abin da "hiss" take nufi a Ingila

Kalmar tsohuwa ce, ta haura shekara 600 a cikin Turanci. Tana cikin kalmomin da aka ƙera daga sautin abin da suke nufi, kamar yadda muke cewa "tim" ko "fau" ko "cuu" a Hausa. Ka faɗe ta ka ja ƙarshenta, za ka ji sautin da kansa: sssss.

Wurare huɗu ne aka fi samun ta a Turancin Ingila da na Amurka.

Na farko, dabbobi. Idan gamsheƙa ta fasa kai, ko kasa ta ji motsi kusa da ita, sautin da suke yi shi ne "hiss". Mu huci muke ce masa. Haka kyanwa idan kare ya ritsa ta a lungu. Wanda ake kiwon agwagi a gidansu ya san toron agwagwa ba ya kuka da ƙarfi, sai dai ya miƙa wuya yana huci. Shi ma "hiss" ne.

Na biyu, kayayyaki. Ka tsaya wurin mai faci a bakin titin Zariya ka saurari tayar adaidaita sahu da ƙusa ta huda. Iskar nan da ke fita a hankali ita ce "hiss". Haka tukunyar gas mai yoyo, haka ruwa idan ya zuba a kan garwashi. Misali: "The tyre was hissing."

Na uku, taron jama'a. A gidajen wasan kwaikwayo na Turawa, idan wasa bai yi wa 'yan kallo daɗi ba, ko mugun cikin labari ya fito, sai su haɗa baki su yi "sssss". Galibi suna haɗa shi da ihun nan na "buu", shi ya sa za ka ga kalmomin biyu tare: "The crowd booed and hissed." A nan ne kalmar ta sami ma'anar nuna ƙi da raini. Amma a lura, taro ne ke yi wa mutum ɗaya, kuma sautin dai na maciji ne.

Na huɗu, magana ƙasa-ƙasa cikin fushi. Ka ɗauka kana surutu a sahu lokacin taron safe, shugaban ɗalibai ya matso kusa da kunnenka ya ce ka yi shiru, haƙoransa a cije, ba ya son shugaban makaranta ya ji. Bature zai rubuta: "'Keep quiet,' he hissed." Wannan ma'anar ta fi kowacce yawa a littattafan labarai, kuma ita ce ta fi rikita mu. Ɗalibi sai ya ɗauka mutumin tsaki ya yi, alhali magana ya yi.

Gwajin tafin hannu

Ga hanya mai sauƙi ta rarrabe su, kowa zai iya gwadawa yanzu a gaban allon nan, amma a tabbata babu malami a kusa kada ya ɗauka da shi ake. Ka sa tafin hannunka kusa da bakinka ka ce "sssss". Za ka ji iska tana bugun hannunka. Yanzu ja tsaki. Babu iskar da za ta taɓa hannunka, domin ciki ka zuƙo ta, ta bi ta tsakanin haƙora da leɓe. Ashe ma shi ya sa Bahaushe ya ce "jan" tsaki. Hucin maciji waje yake fita, tsaki ciki yake shiga.

Abin dariya shi ne muna yin ainihin "hiss" ɗin Bature kullum ba mu sani ba. Wannan "sss! sss!" da muke yi don tsayar da mai adaidaita a Court Road, ko kiran mai rake ko mai ruwan leda, shi ne ya dace da abin da ƙamus ya faɗa. A wurinmu kira ne kawai. Wanda Allah ya kai shi Ingila karatu kuwa ya kiyaye, can kiran mutum da irin wannan sauti rashin ladabi ne.

To me Bature yake ce wa tsaki?

Gaskiyar magana, Turawan Ingila na asali ba su da tsaki irin namu, shi ya sa ba su tanadar masa suna ba. Abin da suke da shi mai kama da shi wani ɗan gajeren sauti ne da suke yi da kan harshe idan abu bai yi musu ba, suna rubuta shi "tut" ko "tsk". Wannan ɗan ƙorafi ne, bai kai nauyin dogon tsakin da uwa ke ja idan ta dawo ta tarar ba a wanke kwanuka ba.

Da mutanen ƙasar nan suka koyi Turanci, sai suka nemi kalmar da za su kira tsaki da ita. Suka duba suka ga "hiss" ce ta fi kusa: ita ma sauti ce ta haƙora, ita ma ana nuna ƙi da ita. Sai suka ɗora mata kayan da ba nata ba, ta kuwa ɗauka. Yau daga Kano har Legas har Fatakwal, in ka ce "she hissed" kowa ya san tsaki aka yi.

Akwai kuma wasu masu jin Turanci da suka raɗa wa tsaki suna na kansu. A ƙasashen yankin Karebiyan da tsakanin baƙaƙen fata na Amurka ana cewa "suck teeth", wato zuƙar haƙori. A Jamaika da unguwannin baƙaƙen fata na Landan ana cewa "kiss teeth". Mutanen Tirinidad suna ce masa "steups". Yadda muke rubuta "mtsww" a saƙon waya, haka matasan Landan ke rubuta "kmt", gajarcewar "kiss my teeth".

Yaya aka yi tsaki ya haye teku? A shekarar 1976 wani masanin harshe ɗan asalin ƙasar Gayana mai suna John Rickford, tare da matarsa Angela Rickford, sun wallafa bincike a kan abubuwa biyu: tsaki da harara. Sun tambayi Amurkawa baƙaƙe da farare, suka tarar baƙaƙen sun san su sarai, yawancin fararen kuwa ba su san su ba. Suka kuma nuna cewa tushensu Afirka ne, sun tafi can tare da mutanen da aka kwashe lokacin cinikin bayi. Mutum sama da miliyan 12 aka ɗora a jiragen ruwa a wancan zamani. An raba su da garuruwansu da sunayensu, jikokinsu sun manta harsunan kakanninsu, amma tsaki bai ɓata ba. Wanda ba shi da ikon mayar da magana ga wanda ya mallake shi, yana da haƙora da leɓe.

A Faransa ma an san shi, suna kiransa "tchip". A shekarar 2015 wasu makarantu a can, ciki har da wata a garin Évry kusa da birnin Paris, sun hana ɗalibai yin sa a aji, domin malamai sun gano raini ne ake yi musu da shi. Ashe ba a Gyaɗi-Gyaɗi kaɗai tsaki ke kai ɗalibi ofishin ladabtarwa ba.

Shin ƙanwarmu ta yi kuskure?

Ba ta yi ba. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, kamar na Amurka ko na Indiya. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Turancin ƙasar nan, ciki har da "okada" da "danfo" da "buka" da "next tomorrow", har da tamu ta gida, "Kannywood". Saboda haka mun manna labarinta yadda ta rubuta shi, domin masu karanta shi mu ne.

Kuma kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana fiye da ɗaya ba baƙon abu ba ne. Ku dubi ita kanta kalmar tsaki a rubuce. Akwai tsakin da ake ja, akwai tsakin masara da ake yin dambu da fate da shi, akwai kuma 'yan tsakin da shaho ke sura. Ba wanda ya taɓa rikicewa, domin sauran maganar ce ke nuna wanda ake nufi. Haka za mu riƙa yi da "hiss".

Amma ga inda ya kamata a yi hattara, musamman 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO.

Ɗaya, a wurin karatu. A takardar Turanci akwai tambayar da ake ba ka kalma daga cikin nassi a ce ka kawo wadda za ta maye gurbinta yadda aka yi amfani da ita a wurin. Idan ka ga "hissed", kada ka yi saurin cewa tsaki ne. Duba wanda ya yi. Maciji ne ko taya? Taro ne? Ko kuwa kalmar ta zo ne bayan maganar wani? Idan bayan magana ta zo, to nufin shi ne ya faɗa a hankali cikin fushi.

Biyu, a wurin rubutu. Tambayi kanka wa zai karanta. In ɗan Najeriya ne, "she hissed" ta wadatar. In wanda bai san ƙasar nan ba ne, kamar mai duba jarrabawar IELTS ko abokin karatu a wata ƙasa, rubuta "she sucked her teeth" ko "she kissed her teeth". In ba haka ba, zai ɗauka yarinyar nan ta Farm Centre ta tsaya a ƙofar shago tana huci kamar gamsheƙa.

Uku, a wurin nahawu. Kalmar tana zuwa a matsayin aikatau: hiss, hisses, hissed, hissing. Tana kuma zuwa a matsayin suna: "a loud hiss". Idan za a ambaci wanda aka yi wa, galibi "at" ake sawa: "The cat hissed at the dog." A rubuta ta da "s" biyu. A wurin furuci kuma a raba ta da "his" mai nufin nasa. Ita "his" da sautin "z" take ƙarewa, "hiss" kuwa da "s".

'Yan uwanta a gidan raini

Tunda mun shigo gidan, bari mu gaisa da sauran mutanen ciki, don kada mu riƙa aiken "hiss" ko'ina ita kaɗai.

"Sneer" ita ce yatsina fuska ko murmushin raini, irin wanda ake ɗage leɓe gefe guda.

"Scoff" ita ce yi wa magana ba'a, ka nuna ba ta kai a saurare ta ba: "They scoffed at his idea."

"Jeer" ita ce ihun tozarci da taro ke yi, kamar yadda 'yan kallon ƙwallo ke yi wa ɗan wasan da ya zubar da fanareti.

"Glare" ita ce kallon fushi. Ita ce ta fi kusa da harara a Turancin Ingila. Mu a nan mukan ce "she eyed me" muna nufin ta harare ni, amma a can "eye" a matsayin aikatau tana nufin duban abu da kyau, wani lokaci ma da sha'awa. Mutanen Karebiyan su "cut eye" suke ce wa harara.

"Contempt" kuwa ita ce uwar gidan, wato raini kansa. Mu da ke bin Court Road safe da yamma ya kamata mu san "contempt of court", wato raina kotu. Alƙali yana da ikon hukunta wanda ya nuna raini a gabansa, kuma ba sai an yi zagi ba.

Abin da ya fi kalmar muhimmanci

Da muka gama binciken ƙamus, malaminmu ya yi mana wata tambaya da ta sa muka yi tsit. Ya ce, yanzu kun san sunansa da Turanci har kala uku, to sau nawa kowannenku ya ja shi daga safe zuwa yanzu?

Tsaki ba shi da harafi, amma kowa yana jin abin da yake faɗa. Cewa yake: ba ka kai in ba ka amsa ba. Shi ya sa wani lokaci ya fi baƙar magana ciwo. Baƙar magana ana iya mayar da ita ko a nemi bayani. Mai tsaki kuwa ya ja abinsa ya juya baya, in aka tambaye shi ya ce ai ni ban ce komai ba. Ba banza ba iyayenmu ke cewa wane sai tsaki kamar tsaka.

Malamanmu na addini sun sha tuna mana cewa aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ɗa ya nuna wa iyayensa ƙosawa ko da da mafi ƙanƙantar furuci. In ƙaramin furuci haramun ne, ina ga dogon tsaki a lokacin da Umma ta aike ka kasuwar Tarauni kana tsakiyar kallon waya? Aya ta 11 a Suratul Hujurati kuma ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, domin mai yiwuwa waɗanda ake rainawar sun fi masu rainin alheri.

Mu dawo cikin aji. Kowa ya san yadda abin yake. Malam ya yi tambaya da Turanci, wani ya yi ƙarfin hali ya ɗaga hannu, ya sa "he" inda ya kamata ya sa "she", ko "p" ta zame masa ta koma "f". Kafin ya rufe baki sai a ji "mtsww" daga bayan aji, sai dariya. Wanda ya ja tsakin ya manta kafin a tashi tara. Wanda aka yi wa kuwa ba zai sake ɗaga hannu ba har ƙarshen zango, wataƙila har ya bar makarantar. Mun san masu irin wannan shiru a kowane aji, kuma da yawansu sun fi masu tsakin iya lissafi. Turanci ba harshen uwar kowa ba ne a cikinmu, da kuskure kowa ya koye shi. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. In ka ji ɗan uwanka ya yi kuskure, gyara masa bayan an fita, shi ne ya nuna ka iya.

Muna kuma roƙon shugabannin ɗalibai, da malamanmu cikin girmamawa, a taya mu. Ƙananan aji suna kwaikwayon abin da suka gani a sama. In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, kalma ɗaya ta gyara za ta amfane shi. Tsaki ba zai nuna masa inda ya kuskure ba, sai dai ya koya masa yadda zai yi wa na ƙasa da shi.

Ba mu ce tsaki ba shi da wuri sam ba. Wanda aka ɗauke wa wuta yana tsakiyar guga, ko biro ya ƙare masa ana saura minti biyar a karɓi takarda, in ya ja tsaki ba wanda ya ɓata wa. Wannan takaici ne tsakaninsa da abin da ya same shi. Wanda muke magana a kai shi ne wanda ake auna mutum da shi.

Aikin wannan mako

Ga jimloli huɗu. A faɗa mana abin da "hiss" take nufi a kowace, da Hausa:

1. The snake hissed when the farmer lifted the stone.
2. "Give me my pen," Binta hissed, so that the teacher would not hear.
3. The audience hissed when the wicked uncle came on stage.
4. The trader named his price. The woman hissed and walked away.

Tambaya ta biyar: wace jimla ce a cikin huɗun nan Baturen Ingila zai iya fahimta ba daidai ba, kuma yaya za a sake rubuta masa ita?

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙarƙashin allon nan kafin ranar Alhamis. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci duka biyar a fitowa ta gaba. Wanda bai ga sunansa ba kuma, don Allah kada ya ja tsaki.

Sai mun sake haɗuwa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani da ladabin riƙe shi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta